Shekarar da na kori mai furar Baba

Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da shekarar da na hana mahaifina fura da nono ba, ina ganin gata nake yi masa.

Lokacin da zaman ƙauyenmu na wajen Tabanni ya gagara saboda mutanen daji, Baba ya baro gonarsa dawa na tsaye, ya dawo gidana a cikin Birnin Gwari. Mutumin da in yana ba da labari sai kowa ya riƙe ciki don dariya, sai ga shi ya koma zama jikin katanga, ba magana, ba cin abinci. Yayana ya kai shi asibiti a Kaduna. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta masa wata 'yar ƙwaya, ɗaya kowace safiya, ya ce a dawo bayan wata guda.

Abu ɗaya ya rage da Baba ke sha da marmari, shi ne furar wata dattijuwar Bafulatana da ta san shi tun ƙauye, ita ma gudu ya kawo ta gari. Kullum bayan azahar takan sauke ƙwaryarta a zaure ta dama masa, su ɗan taɓa hirar mutanen da suka watse.

Ni kuwa a lokacin ji nake rabin likita ce, alhali ko allura ba na iya kallo. Mun taso muna jin cewa nono yana karya magani, ban taɓa tambayar wane magani ba. Na tare ta a ƙofa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, Baba ya fara shan magani. Sai ya gama." Ta ce, "To, Allah ya ba shi lafiya," ta ɗora ƙwaryarta ta wuce. Har yau in na tuna yadda Baba ya bi ta da ido, raina ɓaci yake yi.

Mako uku ina fama da kunu da tuwo, yana tsakura yana turewa, sauƙi kuma shiru. Wata safiya zan wanke rigarsa, na zazzage aljihu, sai ga ƙwayoyin maganin a ƙulle cikin ƙyalle, sun fi goma. Na same shi na durƙusa.

"Baba, mene ne wannan?"

Ya ce, "Ke kika ce magani da nono ba sa haɗuwa. In na fito masallaci nakan biya wajen mai furar nan a bakin kasuwa in sha. Ranar da zan sha, sai in ajiye maganin, kada in ɓata shi a banza."

"Haba Baba, ai maganin ne zai warkar da ku!"

"Na sani, 'yar nan. Amma wajenta kaɗai nake jin kamar ban bar gida ba."

Na shige ɗaki na yi kuka mai isata.

Ranar komawa asibiti na bi Baba da yayana, na faɗa wa likita komai da bakina, kunya kamar in nutse. Bai yi mini dariya ba. Ya ce, "Malama, akwai magungunan da nono ke rage wa ƙarfi, kamar wasu na kashe ƙwayoyin cuta. Wannan ba ya cikinsu. Baba ya sha furarsa. Abin da ke cutar da shi, sha yau a bari gobe."

Washegari da ƙafata na je kasuwa na ba Inna haƙuri. Baba ya koma shan maganinsa kullum, ya kora da fura, kuma a hankali, cikin 'yan watanni, ya dawo cikin mutane.

Abin da na koya ke nan: duk yadda magana ta yaɗu a gari, in ta shafi magani, a tambayi wanda ya sani. Tambayar da ba za ta ɗauke ni minti ɗaya ba na ƙi yi, na sa tsoho mara lafiya ya zaɓa tsakanin maganinsa da abin da ya rage masa na jin daɗin duniya.