Sukarin da ya kwanta a gindin kofin Bawa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina fadama ina ban ruwan shinkafa, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya bakin hanya ya ƙwala mini kira: "Baba Garba, ashe Bawa mai shayi ya rasu?" Wai jiya. Wai har an kai shi.

An kai Bawa, ni ina nan Argungu ban sani ba.

Na daɗe ina kuka a kan mutumin nan, tun ranar da ɗiyansa suka ɗauke shi daga bakin tasharmu suka kai shi unguwar Badariya a Birnin Kebbi, wai ya huta. Ana ce mini tsoho mai mita. To yau ma mitar ce, wanda ya gaji ya wuce.

Duk wanda ya taɓa shiga motar Birnin Kebbi da sassafe ya san teburin Bawa. Bai taɓa miƙa wa mutum shayi a kofi mai sanyi ba, sai ya ɗauraye shi da ruwan zafi tukuna. Lokacin da uwar ɗiyana ta yi jinya, kullum da kansa yake kawo mana kunu, ya ajiye a zaure ya tafi don kada a yi masa godiya.

Da azumi yakan yi zoɓo. Wasu su zuba sukari kan ƙanƙara su juya sau ɗaya su sayar, sama salam, ƙasa kamar yashi. Shi sai ya narka nasa a ruwan zafi, ya bari ya huce, sannan ya haɗa. In na ce yana ɓata lokaci sai ya ce, "Garba, sukari bai son sanyi. In ka sa shi ruwan sanyi kwanciya yake yi ya ƙi motsi, irin halinka."

Daga baya ciwon suga ya kama shi, aka sa shi kan allura. Likita ya ce masa wani lokaci sugan jikinsa zai yi ƙasa, in ya ji haka ya sha ruwan sukari da gaggawa. Na sha gani da idona. Sai zufa ta karyo masa, hannu na rawa, magana ta harɗe. Nakan tsiyayo ruwan ɗumi daga butarsa, in zuba sukari, in juya har cokali ya daina ƙaras-ƙaras, in ba shi. Yana dawowa hayyacinsa zai fara: "Kai dai ba ka iya haɗi ba, ka cika zaƙi."

Ranar da za a tafi da shi na ja babban ɗansa Nasiru gefe. Na ce, a ajiye masa filas na ruwan ɗumi kusa da gado, kada a haɗa masa sukari da na firij. Ya yi dariya ya ce, "Baba, sukari ai sukari ne." Na ba shi filas ɗina. Da na koma ziyara, a falo na ga filas ɗin, ana yi wa baƙi shayi da shi.

Ganina da Bawa na ƙarshe, yana zaune kan kujerar roba, aka kawo mana fiya wata mai raɓa. Ya riƙe ledar bai sha ba. Ya ce, "Gidan ga kome sanyi gare shi, Garba, har gaisuwa." Ya ce in zan dawo in taho masa da gasasshen kifi.

Ban kai masa ba.

Ɗazu na je gaisuwa. Aka ce bayan la'asar abin ya taso masa, an haɗa masa sukari ya sha, bai farfaɗo ba, aka sa shi a keke napep, kafin asibiti rai ya yi halinsa. Na ce a nuna mini ɗakinsa. Ga kofin kan taga, da cokali a ciki. Na leƙa. Sukarin na kwance a gindi, fari fat, tururuwa sun same shi.

Na fito na ce, da wane ruwa aka haɗa? Kowa ya duƙar da kai. Nasiru ya ce, "Baba, kwana ne ya ƙare."

Na san kwana ne ya ƙare, ba yau na musulunta ba. Ban ce cokalin sukari zai kori mala'ika ba. Wataƙila ko ya sha duka tafiya zai yi. Amma da ya tafi an yi masa abin da ya yi wa duk garin nan.

Allah ya jiƙan Bawa, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi daga tafkin Annabi. Duk wanda ya taɓa kurɓar shayinsa, don Allah ya sa shi a addu'a.

Nasiru, na san kana ganin wannan. Ba faɗa nake nema ba. Ranar sadakar uku zan zo, in zauna kan tabarma cikin mutane, in sake tambaya. Da wane ruwa aka haɗa wa ubanka? Ka tanadi amsa, don ba zan tashi ba sai na ji ta.