Man Miyata da Taraktar Malam

Jiya na yi kuka a gindin tarakta, ban kuma ji kunya ba.

Tun da maigidana Malam ya rasu ƙaramar taraktarsa take ajiye a rumfa. Da ruwan farko ya sauka, ɗanmu Sani ya zo daga Rurum zai tura ta wajen mai gyara, don a samu a yi huɗa. Tayoyin suka ƙi juyawa. Akwai wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashinta da ake ja kafin ta turu, to tsatsa ta cinye bakinsa. In ya karye babu irinsa a Rano, gonarmu kuwa ba za ta nomu ba bana.

Sani ya ɗauko guduma. Nan take na tuno babansa kwance a ƙasa yana ƙwala mini kira: "Hajiya, ɗan sam mini man miyarki!" Nakan yi mita, shi kuwa ya yi dariya, ya gauraya man gyaɗan da kananzir, ya ɗiɗɗiga, ya wuce masallaci. Yakan ce, "Ƙarfe ma lallashi yake so."

Na ɗauko man gyaɗa da kananzir, na ce, "Sani, ajiye gudumar nan."

Ya ce, "Inna, miya za ki yi mata?"

Na ce, "Ɗiga dai, ka je ka yi salla."

Bayan la'asar ya ɗan ƙwanƙwasa, ya ja, ƙarfen ya saki. Tarakta ta gangaro tsakar gida. Na shinshina hannuna, sai ga ƙanshin rigar Malam.

Bana za mu yi shuka, in Allah ya yarda. Ya Allah ka tausasa wa Malam, yadda ya tausasa wa duk abin da ya taɓa, har da ni.