Tsumman Garejin Kawu

Jiya ina share mota na ci karo da tsumman Kawu, har yanzu yana warin baƙin mai. Asalinsa rigar wata jam'iyyar masu sassaucin ra'ayin riƙau ce ta ƙasar Poland, inda ya yi karatun injiniya. Cikin ƙanƙara ya riƙa manna musu hotuna. Tun kafin zaɓe ya zagayo shugabannin suka ɓaɓe, kowa ya tsallaka wata jam'iyyar, aka bar su Kawu da riguna.

Da rigar yake goge hannu a garejinsa na titin High Point Road, a nan Amurka. Ranar da wasu suka zo lallashinsa ya bi su a ɓalle daga ƙungiyarmu ta Hausawan garin Greensboro a kafa wata sabuwa, sai ya miƙa wa jagoransu tsumman.

"Alhaji, sunsuna ka ji. Haka taku za ta ƙare."

Daga nan suka daina gaishe shi. Ya yi doguwar jinya, ko leƙe babu. Ƙungiyar tasu ta riga shi mutuwa, amma ranar jana'iza su ne a sahun gaba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa. Su kuwa Allah Ya shirye su, don ni har yau ba na amsa gaisuwarsu.