Dattijon da Ya Zaɓa wa Kwamfuta Kare

Ina zaune a shagon Nu'uman mai gyaran kwamfuta a Birnin Kudu, ina jiran a yi mini kwafin takardu, sai ga wani dogon dattijo mai jan gemu, rungume da kwamfuta cikin bargo kamar mai kai jinjiri asibiti. Takalmin robarsa da sandar da ke hammatarsa sun sa ina zaton makiyayi ne daga wajen Fagam.

"Ta 'yata Mas'uda ce," in ji shi. "An ce cuta ta shige ta, ga shi duk aikinta na gama makaranta yana ciki. Tun jiya yarinyar ta ƙi cin abinci."

Nu'uman ya jera masa kwalayen antibairos, wato manhajar da ke kare kwamfuta daga cuta, yana bayanin wanda ya dace da gida da wanda ake sa wa kwamfutocin ofis. Dattijon ko sauraro ba ya yi. Yana ɗaga kowane kwali, ya girgiza kusa da kunne, ya shinshina, sannan ya ƙura wa hoton jikinsa ido. Na tabbata haka yake yi wa mai maganin shanu ranar kasuwa.

"Wannan mai hoton garkuwa, wa zai riƙa riƙe ta? Wannan kuma soja ne, wata rana hutu zai tafi."

Ya dangwala yatsa kan na ƙarshe, mai hoton kare.

"Sa mata wannan. Amma don Allah, Malam, ka gaya masa Mas'uda 'yar gida ce, kada ya cije ta."