Ruwan da Ya Tafi Wurin Wani Ilarie

Safta Dragomir mai wanki ce a wani ƙauye na bakin kogin Danube, mace mai ƙarfin hannu da gajeren haƙuri. Tana da shekara talatin aka ɗauke ta aiki a gidan kan tudu, inda aka ajiye wani yaro baƙo da masu gadi biyu. Ɗan wani sarkin sarakuna ne da aka tuɓe a ƙasa mai nisa. Gari ya sani, amma kowa ya kama bakinsa. Aka ce a kira shi Ilarie.

Shekara takwas tana yi masa wanki, tana tuƙa masa tuwon masara. Bai kai sha takwas ba tari ya kashe shi, masu gadin suka kulle gida suka hau jirgin ruwa.

A nan idan mutum ya mutu, sai a sami mace ta yi kwana arba'in tana kai wa maƙwabta ruwa da sunansa, don kada ya sha ƙishirwa a can. Yaron ba shi da kowa, sai Safta ta ɗauki bokiti.

Ranar da ta cika arba'in, Iya Veta, tsohuwar da mijinta, shi ma Ilarie, ya daɗe da rasuwa, ta tare ta a bakin rijiya.

"Ke Safta, me Ilarie nawa ya yi miki? Ya zo mini a mafarki jiƙe sharkaf, wai a dakata haka, ya ƙoshi. Mutumin da ko yana raye ba ruwa yake sha ba."

Matan da ke wurin suka yi dariya. Safta kuwa ta gane ruwan ya bi suna ne, sunan kuma na aro ne. Ta tuna wata rana yaron ya ce zai faɗa mata sunansa na gaskiya, ta toshe kunne don tsoron a kore ta.

Daga ranar, duk tsakar rana in ta ajiye kofin ruwa a tagar gidan tudu, ruwan kan yi rawa kamar an sa baki, amma ko ɗigo ba ya raguwa.

Limamin coci bai san sunan yaron na gaskiya ba. Ta koma bin matuƙan jirgi tana tambayar sunayen mutanen ƙasashensu, kowane suna ta yi masa kwana arba'in. Shekara talatin da ɗaya tana wannan jigila, har garin ya saba shan ruwan baƙon da bai san sunansa ba. Kofin bai taɓa raguwa ba, abin kuma ya ci ranta ƙwarai.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta kira 'yarta Anghelina.

"Ki faɗi sunana da kyau a kowace ƙofa, kin ji ko? Kuma bokiti biyu za ki riƙa ɗauka."

"Biyu kuma, Inna?"

"Ɗaya nawa. Ɗayan ni zan kai masa da hannuna, ai na san fuskarsa."