Lambar Wuyan Inna

Shekarar da muka ɗauko Inna, mahaifiyata, ta dawo wajenmu a unguwar Shisha a ƙasa mai tsarki, mantuwa ta riga ta fara cinta. Tana gane ni, tana gane alƙibla, amma ba ta iya faɗin unguwar da take kwana. Ga ta da son Harami kamar me. Duk awarwaron roba da muka sa mata mai lambar waya, da ta zo alwala sai ta tuɓe ta ajiye a bakin famfo. Tsorona kullum kada ta ɓace mini cikin mutanen duniya.

A ƙasan gidanmu akwai wani dattijo mai yankan makulli, mutumin Kano, kowa Baba yake ce masa. Na kai masa kukana.

"'Yata, abin da mutum ba ya so ba ya zama a jikinsa," in ji shi. "Me hannun Hajiya ya saba yi?"

"Jan carbi, Baba. Shi ma yar da shi take yi."

"Halas, shi ke nan. Ki dawo bayan Juma'a."

Da na koma yana kan gyara bakin wata 'yar tagulla da magagari, sai ya ba ni labarin wanda ya koya masa aiki yana saurayi. Wai wani tsohon Bajamushe ne da ya ƙare a Kano. A ƙasarsu shi yake zana lambobin girma lokacin mulkin wani azzalumi. Ya sassaƙa fuskar mutumin har hannunsa ya haddace ta, ana rataya wa masu kashe mutane a ƙirji, shi kuma ana yaba masa. Da mulkin ya rushe ya baro gida, bai sake zana fuskar kowa ba. Sunayen ofis da hatimi kawai yake yi.

"Ya yi nadama?" na tambaya.

"Bai taɓa faɗa mini ba. Ya dai koya mini a rufe ido a shafa aiki kafin a ce an gama, don yatsa ne ke zama da lamba, ido wucewa yake yi."

Ya miƙo mini 'yar tagullar, ashe lambar wuya ce ya yi wa Inna. A gaba sunan unguwarmu da lambar wayar maigida da Larabci. A gefe kuwa ya zagaye ta da 'yan tudu kamar 'ya'yan carbi. Na rataya wa Inna a wuya, babban yatsanta ya hau kai da kansa, leɓenta ya fara motsi. Ko wanka sai mun yi rigima kafin ta cire.

Cikin azumi abin da nake tsoro ya faru. Bayan La'asar mun fito daga Harami, cunkoso ya raba hannuna da nata. Na yi ta kewaye ina kira, har maigida ya bugo ya ce in koma gida. Wata mata 'yar Indonesiya ce ta gan ta zaune tana jan lambar, ta nuna wa mai tasi, shi kuma ya kira maigida, ya kawo ta gida.

Na tarar da ita a falo, an ba ta matashi.

"Ke kuma ina kika shiga?" ta ce mini. "Yarinya sai yawo."

Na durƙusa na riƙe ƙafarta ina kuka ina dariya. Baba kam har yau yana cikin addu'ata. Shi Bajamushen, hisabinsa yana wajen Allah, ban san me zan ce a kansa ba. Na dai san ranar tare da mahaifiyata muka sha ruwa.