Kada Ku Rubuta Sunan Sahabi a Allonku

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Sahabi, kuma har yau in na bi ta layinmu na bayan unguwar Gesse akwai mutanen da ba na iya gaishe su da zuciya ɗaya. Ina gaishe su saboda tarbiyyar da aka yi mini, amma sun san abin da ke tsakaninmu. An sha ce mini in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce babu wanda ya ga yadda ta faru.

Sahabi gyaran injin ban-ruwa yake yi wa manoman shinkafa a fadamar Zauro. Bai iya magana a taro ba, in ya miƙe sai ya yi ta nanata kalma ɗaya. A lokacin akwai wani kango a ƙarshen layinmu da ciyawa ta cinye, wasu samari suka mai da shi wurin shaye-shaye. Daga nan suke fitowa su fizge wayar ɗalibai, su tare mata masu zuwa niƙa. Ranar da suka yaga wa wata amarya mayafi da rana tsaka, Sahabi ya ajiye aikinsa ya shiga bin gidaje yana sallama.

Cewa ya yi kowa ya san maƙwabcinsa, har ɗan haya da ya tare jiya, a kuma haɗu a nome ciyawar kangon. Ya dage sai an sa mata a shawarar, tunda su ke gida lokacin da maza ke ofis ko fadama. A kan wannan majalisar ƙofar gidan Alhaji Manu, babban mai faɗa a ji na layin, ta laƙaba masa Sarkin Mata. Suna dariya, amma sun zo taron. Aka kira iyayen samarin, don yawancinsu 'ya'yan unguwa ne, wasu iyayen suka janye nasu cikin kunya. Muka samu lafiya har damina ta wuce.

'Yan kaɗan ne suka ƙi barin kangon. Aka zauna bayan sallar Juma'a aka yanke shawarar kai ƙararsu ga hukuma, kowa ya ɗaga hannu, ina wurin. Kafin gari ya waye samarin sun ji labari, kuma sunan mutum ɗaya kawai aka ba su. Bayan la'asar suka tare Sahabi yana dawowa daga Zauro a kan babur, daidai gaban majalisar, tabarma cike da maza, suka rufe shi da duka. Inna Tumba mai fura, tsohuwar da ƙafa ke damunta, ita kaɗai ta taso tana ihu tana jifan su da ludayi. Ya yi kwanaki a asibiti bai farfaɗo ba. Da aka zo neman shaidu, mazan nan ɗaya bayan ɗaya suka ce sun shiga alwala.

Yau in Sahabi ya dawo ba zai gane layin ba. An sa ƙofar ƙarfe a bakinsa, an kafa ƙungiyar 'yan sintiri masu kaki da usur da gora, Alhaji Manu ne shugaba. Suna alfahari da cewa ɓarawo ba ya shigowa. A ranin da ya wuce suka kama wani dattijo yana leƙa gidaje da buhu a kafaɗa, suka yi masa dukan da ya karya masa hannu kafin wani ya ga damar tambayarsa. Manomin albasa ne daga Argungu, ya kawo wa 'yarsa albasa da busasshen kifi, ya manta gidan. Ya yi ta kiran sunanta, babu wanda ya san ta, alhali ta daɗe tana haya a tsakiyarsu. Na san abin da Sahabi zai tambaye su, da in'inarsa: me kuke tsarewa, in ba ku san mutanen da ke cikin gidajen ba?

Makon jiya Alhaji Manu ya yi sallama a gidana.

“Malama Hauwa, mun yi shawara mu sa sunan marigayi ga allon ƙungiya. Ai shi yaf fara aikin ga.”

Na ce, “Alhaji, ranar da anka buge shi kana ina?”

Ya gyara hula. “Wanga zance ya wuce, ki bar tone-tone.”

“Gare ku ya wuce. Ɗiyan Sahabi na nan suna tambayata wa yab ba da sunan ubansu.”

Ya tafi bai ko shanye ruwan da aka kawo masa ba. Shi ya sa na rubuta wannan, don in faɗa a bainar jama'a: iyalinsa ba su yarda ba. Kun bar shi shi kaɗai yana da rai, ba za ku jingina da shi yana kabari ba. Aikin da kuke yi ma ba nasa ba ne.

In ana neman abin da ya rage na Sahabi, yana wurin matan da aka yi masa dariya a kansu. Ba su daina haɗuwa ba. Su suka ɗauki dattijon Argungu a Keke Napep zuwa asibiti, su suka nemo 'yarsa, su suka riƙa kai musu abinci har ya warke. Sun san gidan da yaro ya fara ƙwaya tun kafin ubansa ya sani, kuma suna zuwa su zauna da uwarsa. Ba su da kaki, ba su da allo. Sun sha aika wa maza goron gayyata, har yau babu wanda ya taka.

Allah ya jiƙan Yaya Sahabi, ya saka masa. Mu kuma muna nan kowace Asabar bayan azahar a gidan Inna Tumba. Duk namijin da zai zo, ya bar gorarsa a gida.